Man Kanumfari a Kan Ɗinkin Matata

Yayan matata ya je asibiti da rana tsaka, ina can Kudenda ina walda, ya sa hannu ya ɗauke ta daga kan gado, ya kai ta gidansu a Tudun Wada, wai zai warkar da ita da man kanumfari. Bai tambaye ni ba. Ko a waya bai kira ni ba. Abin da ya yi mini ke nan, kuma na fara da shi ne don kada wani ya ce ina kewaye-kewaye.

Ni ba mai dogon karatu ba ne. A ƙaramar sakandare na tsaya, na shiga masaƙa a Kakuri, da aka rufe ta na koyi walda. Ƙofofin ƙarfe nake yi, da tagogi, da tankunan ruwa, wani lokaci a kira ni gyara a kamfanonin Kudenda. Mun daɗe da aure ni da matata ba haihuwa, har furfura ta cika mini gemu, har mutane suka gaji da yi mana addu'a a gabanmu. Sai ga ciki. Da lokaci ya yi naƙuda ta ƙi ci gaba, aka shiga da ita tiyata, aka ciro mana 'ya mace lafiyayya. Ranar na zauna a kan dakalin asibiti ina ta hamdala.

Mahaifinta ya rasu tun tana ƙarama, don haka wannan yayan nata shi ya ba ni aurenta. Na girme shi nesa ba kusa ba, amma Yaya nake ce masa, in na je gaishe shi sai na rusuna, don a wurina matsayin uba yake. Yana da shago a bakin titi. A da turare yake sayarwa, daga baya ya cika kantar shagon da 'yan ƙananan kwalabe: man kanumfari, man kirfa, man na'a-na'a, da wasu da ban san sunansu ba. Yana da difloma, yana kuma son a san yana da ita. In yana magana da ni sai ya riƙa jefa Turanci, sannan ya tsaya ya fassara mini a hankali, kamar mai ba yaro kunu.

Ba a jima da aikin ba sai gefe ɗaya na ɗinkin ya buɗe. Ruwa ya fara fita, daga nan mugunya, ga zazzaɓi mai sa ta karkarwa har gadon ya yi ƙara. Aka ba ta ƙwayoyi, ba su yi ba. Aka canza, ba su yi ba. Sai suka dangwali mugunyar da auduga suka kai ɗakin gwaji. Da sakamako ya fito, likitar ta kira ni. Wata gajeriyar mace ce, ba ta iya shafa wa magana zuma ba, shi ya sa na yarda da ita. Yaya yana wurin, ya biyo ni ba tare da an kira shi ba.

Ta ce ƙwayoyin cutar da suka shiga ciwon sun saba da magani. An gwada musu magunguna iri-iri a ɗakin gwaji, duk sun ƙi mutuwa, sai wata allura guda da ake yi ta jijiya. Na ce mata, yaya za a yi cuta ta saba da magani? Ta ce kamar yadda sauron unguwarku ya saba da hayaƙin da kuke kunna masa. Mutum ya ji ciwon kai ya sayi kafso a kemis, ya sha biyu ya bari, wani ma haka, har a asibiti ma ana yin ganganci. Waɗanda ba su mutu ba su suke hayayyafa. Ta ce wannan allurar dole a yi ta a kan lokaci, a kuma yi ta har ƙarshe, ko da an ga sauƙi.

Nan Yaya ya ciro waya.

"Likita, ai kin gama magana. Ke da bakinki kin ce maganinku ya gaza. To duba nan."

Ya nuna mana wani bidiyo. Wani ɗan faranti ne na gilashi cike da ƙwayoyin cuta, an ɗiga mai a tsakiya, wurin da man ya taɓa ya yi fes, kamar an share.

"Man kanumfari ne wannan," in ji shi. "Su kansu Turawan sun dawo kan itatuwa. Mu da muke da abin a gida muna zaune."

Likitar ta kalla har ƙarshe, ba ta yi masa dariya ba. Ta ce, "Alhaji, ba ƙarya ba ne. A faranti yana kashe su, ana kuma kan bincike, wataƙila wata rana a samu magani daga ciki. Amma ƙanwarka ba faranti ba ce. Ciwonta ya yi zurfi, inda man ba zai kai ba, kuma in ka zuba shi tsagwaronsa a kan ɗanyen nama ƙona shi zai yi."

Da muka fito ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka ji ta ko? Kasuwarsu take karewa." Ba a musu da wanda ya ba ka aure a bainar jama'a, haka aka rene ni.

Aka fara allurar, kuma wallahi ta fara aiki. Zazzaɓin ya sauka. Matata ta tashi zaune, ta sha kunu, ta karɓi jaririyar ta ba ta nono. Har tsokanata ta yi. Na shigo da idanuna jawur saboda hasken walda, ta dube ni ta ce, "Malam, ka daina leƙa yarinyar nan da wannan idon, kada ta ɗauka dodo ne ubanta." Na ce ai gara ta saba tun yanzu. Mahaifiyarta, wadda muke kira Inna, ita ke jinyarta, tana gefe ta juya mana baya kamar ba ta ji. Ganin wannan sauƙin ne ya sa na koma bakin aiki, don akwai tankin da na bari rabi a wani kamfani suna ta kirana.

Ranar da abin ya faru na tashi aiki bayan la'asar, na sayi lemo da ayaba a hanya, na shiga ɗakin masu jego. Sai na ga wata mata daban a kan gadon. Na tsaya da leda a hannu. Nas ɗin ta ce, "Ba kai ka aiko yayanta ba? Ya ce da yawunka ya zo. Mun yi, mun yi, ya ce ƙanwarsa ce, ya sa hannu."

Na hau babur zuwa Tudun Wada. Na same shi a zaure a kan tabarma, yana ƙulla kwalabe a leda. Har a lokacin, da zuciyata tana tafasa, sai da na cire takalmi na rusuna na gaishe shi.

Na ce, "Yaya, allurar ba ta ƙare ba."

Ya ce, "Zauna tukuna, mai walda. Ka sha ruwa."

"Likita ta ce a yi ta har ƙarshe."

"Likita ta ce, likita ta ce. Kai jikin mutum ka ɗauka ƙofar ƙarfe ne, a ɗora wuta a liƙe? Yarinya ta kumbura da ruwan leda, hannu duk ya huje. Haihuwar fari ce, gida za ta yi wanka, ko a garinku ba a yi? In ta yi arba'in ka zo ka ɗauki matarka, ka ga yadda za ta yi ɓulɓul."

Na ce a bar ni in yi magana da Inna. Aka shiga aka faɗa mata. Ta zo bayan labulen ƙofar tsakar gida ta tsaya, ni ina waje a tsugune. Tunda na auri 'yarta ban taɓa kallon tsakiyar idonta ba, ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ban taɓa taka ɗakinta ba. Ta ce, "Ka kwantar da hankalinka, ɗana. Ni na haife ta, ba zan cuce ta ba. Yayanta ya yi karatu, ya san abin da yake yi." Na buɗe baki, sai na ji abin da ya fito shi ne, "To, Inna. Allah ya ƙara sauƙi."

Wanda bai tashi a cikinmu ba zai ce ni sakarai ne. Maƙwabcin shagona, wani Inyamuri bakanike da aka haifa a Kakuri, Hausa a bakinsa kamar ni, ya faɗa mini haka ƙiri-ƙiri. Ya fito daga ƙarƙashin mota ya ce, "Oga, tsaya in gane. Matarka ce ko tasu? Ka ɗauki keke mai ƙafa uku ka je ka kwaso ta mana." Na ce ba a yin haka. Ya ce, "To me ake yi?"

Abin da ake yi shi na yi. Na je wurin limamin unguwarsu, ya ce mai jego a hannun uwarta take, in yi haƙuri, zai yi wa Alhaji magana. Na je wurin wani baffansu a Makera, tsoho, ya saurare ni yana gyangyaɗi, ya ce ai ba a shiga tsakanin wa da ƙanwa, kuma kada in zama surukin da za a riƙa ba da labarinsa. Na koma asibiti wurin likitar, ta ce ba ta da ikon ɗauko mutum daga gidansu, amma in na isa in dawo da matata yau, kada in bari sai gobe. Kowa ya ba ni magana, ba wanda ya taka ya bi ni.

Kullum in na tashi aiki sai in wuce can. In zauna a zaure, a miƙo mini jaririya in riƙe. Zanen goyonta kanumfari, gashinta kanumfari, ruwan da za a kawo mini ma sai na ji kamar kanumfari. In na tambayi uwar, a ce tana wanka, ko ta samu barci. Safe da yamma suna yi mata wankan jego da tafasasshen ruwa da ganye, in an gama Yaya ya ba da auduga da ya jiƙa da mai a ɗora a kan ɗinkin. In na kira ta a waya sai ta ce, "Da sauƙi, Malam," da wata 'yar murya, ina jin motsin Inna kusa da ita. Sau ɗaya ta fito ta dafa bango ta gaishe ni daga nesa. Ta ce zafin ya ragu. Na yarda zafin ya ragu. Duk wanda ya taɓa ciwon haƙori ya san abin da kanumfari ke yi, yana kashe wurin ne ka daina ji, haƙorin kuma yana nan yana ruɓewa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne hancina. Zaman asibiti ya koya mini warin ciwon nan. Tun daga bakin ƙofa nakan san ko an samu sauƙi ko ba a samu ba, kafin kowa ya yi magana. A gidan nan kuwa an toshe mini wannan hanyar. Ina zaune ina jan iska kamar kare, ba abin da nake ji sai ƙamshi. Masu zuwa barka har yabawa suke, wai gidan mai jego kamar shagon turare. Yaya yana jin daɗi, yana ba su 'yan kwalabe, yana cewa, "Ku tambayi mijinta, ga shi nan, da ya so a bar ta a hannun masu allura."

Na daina iya aiki. Na ƙona ƙofar wani mutum, na huda ta a inda bai kamata ba, abin da ko ina koyo ban yi ba. In na rufe fuska da gilashi na kunna wuta, ba ƙarfen nake gani ba.

Wata rana da hantsi waya ta yi ƙara. Matata ce. Ba ta yi sallama ba. Ta ce, "Malam, Inna ta shiga maƙwabta suna. Ka zo ka gan ni da idonka." Ina jin haƙoranta suna haɗuwa.

Na tare keke mai ƙafa uku, na ce wa direban ya jira ni a ƙofar gida kada ya kashe inji. Zauren ba kowa. Na ɗaga labulen nan da na yi shekaru ina tsugunawa a bayansa, na ratsa tsakar gida, matan haya suna kallona da baki buɗe, na shiga ɗakin surukata da takalmina.

Tana kwance an lulluɓe ta da bargo, ga garwashi a kasko, ɗakin kamar tanda. Fuskarta ta zama toka-toka, leɓɓanta sun tsage. Na yaye bargon, na kwance zanen, na ɗaga audugar. Fatar da ke kewaye da ɗinkin ta ƙone, ta saluɓe kamar an zuba mata ruwan batir. Bakin ciwon ya yi baƙi, ya buɗe fiye da yadda na san shi, cikinta ya kumbura ya yi tauri. Da audugar ta tashi, sai warin da ke ƙarƙashin ƙamshin ya bugo ni. Na san shi. Ya ninka na da.

Ina ƙoƙarin ɗaga ta sai ga Inna a bakin ƙofa, an je an faɗa mata. A ranar na fara ganin fuskarta sosai, tsohuwa ce ƙarama, idanunta sun yi ja. Na jira ta yi mini faɗa. Sai ta ce, "Na faɗa masa wurin yana baƙi. Ya ce dauɗar ce take fita." Ta kama ƙafafun 'yarta, ni na kama kafaɗu, muka fito da ita tare. Ta koma da gudu ta ɗauko jaririyar.

A asibiti likitar ta buɗe ciwon, ta daɗe tana kallo. Ba ta ce mini ai na faɗa maka ba, da ta faɗa ma da ya fi mini sauƙi. Suka sake gwaji. Allurar da ta fara tashinta zaune, wadda aka katse a tsakiya, yanzu ba ta cin ƙwayoyin kamar da. Cutar ta shiga mahaifa, ta fara shiga jini. Aka sake shiga da ita tiyata, aka cire mahaifar gaba ɗaya. Mun jira haihuwa har na tsufa, ga ta farko, ita ce kuma ta ƙarshe. Wannan ma ban tsaya kukansa ba tukuna, don ba shi ne a gabana ba.

Yanzu da nake rubuta wannan tana nan kwance. Sun haɗa mata magunguna biyu masu ƙarfi, suna auna fitsarinta saboda kada ƙoda ta gaza. Wata rana zazzaɓin ya sauka in ce an tsira, washegari ya dawo. Ciwon a buɗe yake, ana wanke shi ana cusa bandeji. Jaririyar tana Makera wurin ƙanwata, ana ba ta madarar gwangwani. In na tambayi likitar sai ta ce, "Muna ƙoƙari, Baba, ka yi ta addu'a." Na lura ta daina ce mini za a sallami matata. Matata kuma in ta farka ba ta tambayar kanta, sai ta ce, "Ta sha? Ta yi barci?" Wani lokaci ta riƙe mini yatsa ta ce kada in tafi aiki. Ba na tafiya.

Yaya bai zo ba sai da aka kwana biyu da tiyata ta biyun. Ina zaune a barandar ɗakin bayan la'asar, masu jinya sun cika wurin, wasu na wanke kwanuka, wasu na shanya zannuwa, sai na hango shi da farar shadda da 'yar leda a hannu. Ya zo ya tsaya a kaina, yana jira in tashi in rusuna. Na tashi, amma a tsaye na tsaya.

Ya ce, "Ya mai jiki?"

Na ce, "Tana ciki."

Ya matso ya rage murya. "Ka san na gano inda matsalar take. Wancan man da na yi amfani da shi, mutumin da ke kawo mini ya cuce ni, ya sirka shi. Kuma kai ma ka yi gaggawa, da ka bari ya gama janyo dauɗar. Amma ba komai, ya wuce." Ya buɗe ledar ya nuna mini wata 'yar kwalba mai ruwan ƙasa. "Wannan daga waje aka kawo, orijinal, an haɗa da kirfa. Ba sai sun sani ba. In nas ta fita, ɗigo kaɗan a kan bandejin, kaɗan a shayi. Kai ba za ka gane ba, amma an yi bincike."

Ya miƙo mini. Ban karɓa ba. Ya ce, "Karɓi mana, mai walda, hannuna ya gaji."

Inna tana zaune a kan tabarma can gefe da carbi, ta sunkuyar da kai. Ban ɗaga murya ba, amma na tabbata kowa ya ji.

Na ce, "Alhaji, dube ni da kyau, yau ba Yaya a bakina. Ka ba ni aurenta, na gode, na kuma biya ka da ladabi har na kusa biya da ranta. Ka ƙona ta, ka rufe warin da ƙamshi, ka zaunar da ni a zaure ina yi maka godiya. An cire mata mahaifa saboda kai. Maganin da zai tashe ta ya daina aiki saboda kai. Ban yafe ba, kuma kada ka turo mini liman ko baffa, ba zan yafe ba. Mayar da kwalbarka cikin leda ka bi ta ƙofar da ka shigo. In na sake ganinka kusa da gadon nan, ni da kai sai an raba. In Allah ya tashe ta, ba za ta sake kwana a gidanka ba. In kuma ta mutu, ka yi mata salla daga sahun baya kamar kowane baƙo, amma hannunka ba zai taɓa makararta ba."